Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Yaushe Ake Cewa Sabuwar Waya Ta Karɓu?

  Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Nima da Maamobi a nan Accra. Ina gaida na New Town da Kotobabi, da Sabon Zango, da Fadama, da Madina, da duk inda muryar nan ta kai. Iyayenmu mata da ke bakin murhu, sannunku da aiki. Direbobin da ke kan hanya, Allah Ya sauke ku lafiya.

Sharhinmu na yau a kan waya ne. Wayar nan da ke hannunka ko a aljihunka. Wataƙila ma da ita kake sauraronmu yanzu.

Kusan kowane wata sai an kawo mana sabuwa. A kama babban otal a cikin gari. A gayyato mawaƙi ko ɗan fim. A kafa alluna tun daga yankin Circle har hanyar filin jirgi. A cika Facebook da TikTok da hotuna. Kwana biyu tsakani sai ka ji sanarwa: ta ƙare! An saye ta kaf! Ba a taɓa ciniki irin wannan ba!

To jama'a, idan aka ce sabuwar waya ta yi kasuwa, wa ya faɗa? Me ya ƙirga? Kuma yaushe ya yi ƙirgar?

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, don kada in ja ku da nisa. Ba a ranar ƙaddamarwa ake gane wayar da ta karɓu ba. Sai ta shekara a hannun mutane. Sai ta faɗi ƙasa, an kai ta gyara, an sami kayanta. Sai mai ita ya mayar da ita kasuwa, an taya ta da daraja. A nan ake yanke hukunci. Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mu fara da hanyar da waya ke bi kafin ta iso hannunka.

Daga masana'anta take fitowa, yawanci a ƙasar China. Sai ta zo wurin babban dila, wanda ke shigo da ita Ghana. Daga wurinsa 'yan sari su ɗauka. Daga 'yan sari ta sauka a shago, ko a cikin ɗan akwatin gilashin nan na bakin titi. Sannan kai ka zo ka taya.

Ga inda gizo ke saƙar. A littafin kamfani, tun ranar da kwalaye suka bar hannunsa zuwa wurin dila, an yi ciniki. Manyan kamfanonin da ke ƙididdigar kasuwar waya ta duniya, irin su IDC da Canalys, su ma galibi abin da suke ƙirgawa ke nan: adadin da aka turo kasuwa. Ba ƙarya suke yi ba, ba su kuma ɓoye ba. Suna rubutawa ɓaro-ɓaro. Mu ne muke karantawa da gaggawa, mu ɗauka duk wayar da aka turo ta riga ta shiga aljihun wani.

Alhali kowane ɗan kasuwa a unguwar nan ya san bambancin. Hajiyar da aka sauke wa buhunan masara ranar Laraba a kasuwar Nima ba za ta ce ta yi ciniki ba. Sai ta ga buhunan sun tashi, kuɗi ya shiga lalita. In ba su tashi ba, sun yi kwantai.

Waya ma tana kwantai, kuma alamar ba ta ɓuya. Wata biyu da fitowa sai ka ga an karya farashi. Sai ka ga an fara tara mata kyaututtuka: ga abin sa wa a kunne, ga riga mai tambari, ga lema. Ka shiga shago ka tambayi wata waya daban, yaron shago ya nace sai waccan, domin an ƙara masa la'ada a kanta. Sau da yawa in ka ga haka, kaya ne suka danƙare a sito, ana neman hanyar rabuwa da su.

Wannan ke nan. Turowa daban, sayarwa daban.

Yanzu mu dubi maganar nan ta "ta ƙare". In an ce maka kaya sun ƙare, tambayar farko ita ce, nawa aka fito da su?

Zan kai ku Indiya, domin a can aka fi ƙwarewa a wannan salo. A watan Yulin 2014 kamfanin Xiaomi na China ya shiga Indiya da wayarsa mai suna Mi 3. Ta intanet kaɗai ake sayarwa, a shafin Flipkart. Sai a sa rana, a sa sa'a. Mutane su yi rajista, su zauna suna jira. Ana buɗewa, cikin daƙiƙu kaɗan a ce ta ƙare. Jaridu suka yi ta bugawa. Amma nawa ake fitarwa a zagaye guda? Kamar dubu 15 ko dubu 20. A ƙasar da mutanenta suka haura biliyan ɗaya. Wanda ya fito da kaɗan, dole kayansa su ƙare da wuri. Ƙarewar kanta talla ce.

Kada ku ce na zalunci Xiaomi. Wajen ƙarshen 2017 ya zama na ɗaya a Indiya. Amma kafin nan sai da ya fara haɗa waya a cikin ƙasar, ya buɗe wuraren gyara, ya shiga shagunan unguwanni. Aikin shekara uku ne ya kai shi can.

A Indiyan dai, a watan Fabrairun 2016, wani kamfani mai suna Ringing Bells ya yi shelar wayar da ya kira Freedom 251. Farashinta rufi 251, abin da bai kai dala huɗu ba. Duniya ta ɗauka. Kamfanin ya ce mutane sama da miliyan 70 sun yi rajista. In da rajista ciniki ce, da babu wayar da ta taɓa yin kasuwa irin tata. Sai ga shi samfurin da aka raba wa 'yan jarida wayar wani kamfani ce daban, an shafe sunan da farin shafi. Akasarin waɗanda suka yi rajista ba su ga waya ba. Bayan shekara guda 'yan sanda suka kama shugaban kamfanin bisa zargin damfara.

Rajista ba ciniki ba ce. Layi a ƙofar shago ba ciniki ba ne. Hayaniyar ranar farko ba ita ce hukunci ba.

To, mu dawo gida, domin mu ma mun ga namu.

Manya daga cikinku ba su manta da RLG ba. Kamfanin ɗan ƙasa ne, na Roland Agambire. A da yana haɗa waya da kwamfuta a nan Accra. Mun yi alfahari da shi, kuma ya dace mu yi. A watan Maris na 2013 Shugaba John Mahama ya aza harsashin Hope City, birnin fasaha da aka ce zai ci dala biliyan 10, mai ɗauke da ginin da zai fi kowane gini tsawo a Afirka. Aka ɗauko mawaƙi Chris Brown daga Amurka, ya yi wasa a filin ƙwallon Accra. Ƙasar nan ba ta cika ganin ƙaddamarwa mai girman wannan ba. Yau fa? Hope City bai tashi ba. Ka zaga shagunan Circle ka nemi sabuwar wayar RLG, ka ga ko za ka samu.

Ba don jin daɗi nake faɗar wannan ba. Ina cikin masu son ganin wayar da aka ƙera a Ghana a hannun 'ya'yanmu, har gobe kuwa. Haka ma abin ya faru da kamfanin Mara Phones. A watan Oktoban 2019 shugabannin ƙasa biyu suka buɗe masa masana'antu, Paul Kagame a Kigali, Cyril Ramaphosa a Durban. Ba a cika shekara uku ba aka sa masana'antar Durban a gwanjo. Biki ya yi kyau, kasuwa ba ta amsa ba.

Yanzu ku ba ni hankalinku, mu juya fuska ɗaya ɓangaren. Wace waya ce ta cika Zango? Ka duba hannun mutanen da ke cikin motar haya tare da kai. Tecno. Infinix. Itel. Duka ukun na gida ɗaya ne, kamfanin Transsion da ke birnin Shenzhen, wanda aka kafa a 2006. A 2017 ya wuce Samsung wajen yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A 'yan shekarun nan kusan rabin manyan wayoyin da ke shigowa nahiyar nasa ne. Wa zai iya tuna ranar da aka ƙaddamar da Tecno ta farko a Accra? Da wuya. To ta yaya ya ci kasuwa?

Ya dubi yadda muke rayuwa ne. A wancan lokacin kira daga layi zuwa wani layin yana da tsada. Mutum yana da MTN, yana da Tigo, wataƙila da Vodafone, yana yawo da waya biyu ko yana ta cire sim yana sa wani. Sai aka kawo masa waya mai sim biyu. Kamfanin ya ga wuta ba ta tsayawa. Kun tuna da dumso a 2015, yadda ake kwana a yini babu lantarki. Sai aka kawo batirin da ke daɗewa. Ya ga kyamarorin da aka ƙera don wasu mutane daban ba sa fito da fuskar baƙar fata, musamman da dare. Sai ya gyara tasa kyamarar. Ya sa harsunanmu a ciki, har da Hausa. Kuma ya kafa Carlcare, wuraren gyaransa, don wanda tasa ta lalace ya san inda zai nufa. Talla kam ya yi, ya shafe bangaye da shuɗin fenti a garuruwa da ƙauyuka. Amma fenti ba ya riƙe mai saye. Abin da ya riƙe shi, wayar ta yi masa aiki, ya gaya wa ɗan'uwansa.

Ba tallan Tecno nake muku ba, kuma ba na wanke kowa. A 2020 masu binciken tsaron waya suka gano wata muguwar manhaja a cikin dubban wayoyin Tecno W2, a ƙasashe da dama har da Ghana. Tana cinye data, tana ƙoƙarin yi wa mutum rajistar abin da bai nema ba. Kamfanin ya ce matsalar daga wani mai kawo masa kaya ta fito, kuma ya fitar da gyara. Ku lura da wani abu a nan. Wannan aibin bai bayyana ranar ƙaddamarwa ba. Sai da wayar ta daɗe a hannun mutane. Alheri da sharrin waya duk lokaci ne ke tona su.

Shi ya sa na ce, in kana son sanin gaskiyar waya, kada ka je otal. Ka sauka Circle, ka shiga Tip Toe Lane. Ko ka tsaya wurin mai gyaran unguwarku a bakin babban titin Nima.

Ka ja benci ka zauna, ka kalli teburinsa. Ga fitila a sunkuye. Ga ƙarfen narka dalma yana hayaƙi. Ga tsohon buroshin haƙori da yake wanke cikin waya da shi. Ga wayoyin mutane a jere, kowace an ɗaure ta da roba, an manna takarda mai suna a bayanta. Ka ce ya jawo maka aljihun teburin. Cike yake da matattun wayoyi, waɗanda ake ciro kaya daga jikinsu don a raya wasu. Wannan mutumin bai da ofis, bai da takardar ƙididdiga. Amma ya san wadda bakin cajinta ke saurin lalacewa. Ya san wadda batirinta ke kumbura. Ya san wadda ke ɗaukar zafi har ta kashe kanta. Ya san wadda gumi ko ruwan damina ke shiga cikinta.

Sai ka ga yarinya ta zo da waya, gilashi ya tsage. Ta ce, "Maigida, akwai sikirin ɗinta?" Amsa biyu ce. Ko ya ce, "Zauna, yanzu zan aika a kawo." Ko ya juya wayar, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan babu kayanta a kasuwa, sai an yi oda." Jama'a, a tsakanin amsoshin nan biyu ake gane wayar da ta karɓu. Masu sarin kayan gyara ba sa zuba kuɗinsu a kan abin da ba a nema. In ka ga sikirin da batir da rigar wata waya sun cika kasuwa, iri-iri, masu tsada da masu araha, to wayar tana hannun jama'a da yawa. In kuwa shekara guda da fitowarta ana cewa sai an yi oda, to duk abin da aka faɗa ranar biki iska ce.

Kuma wanda ya fi cutuwa shi ne wanda ya saya. Wayar da ba ta da kayan gyara, ranar da ta faɗi ranar ta mutu.

Daga teburin mai gyara, mu matsa gaba kaɗan zuwa wurin masu musanya. Kun san yadda ake yi. Ka kawo taka, a duba ta, a yi mata kuɗi, ka yi ciko, ka ɗauki wata. A nan babu kunya, babu kara. Wata wayar, mai shago yana ganinta zai miƙo hannu, domin ya san kafin la'asar ta fita. Wata kuma zai ce maka, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba ma karɓar irinta." Waya biyu da aka saya kuɗi ɗaya a wata ɗaya, bayan shekara ɗaya tana riƙe da darajarta, ɗayar ko rabin rabi ba a taya ba. Ai shi ya sa aka ce sayen na gari mayar da kuɗi gida.

A nan ne ma za ka ga wani abin da ƙididdigar ƙaddamarwa ba ta gani sam. Kamfanin Apple ba shi da shagon kansa a Ghana. Ranar da yake fito da sabuwar iPhone a Amurka, 'yan kaɗan ne a cikinmu ke iya sayenta. Amma ka je majalisar samari da dare, inda ake dafa ataya, ka ƙirga iPhone nawa ne a wurin. Daga ina suka fito? Wata yaya ne ya aiko daga Bronx a Amurka. Wata ƙanwar uwa ce ta kawo daga Jamus ko Italiya. Wata daga Saudiyya ta zo. Da yawa kuma na gwanjo ne, waɗanda aka yi amfani da su a Turai da Amurka, 'yan kasuwa suka shigo da su ta Dubai. Waɗannan an riga an ƙirga su a wata ƙasa, shekara biyu ko uku da suka wuce. A takarda ba sa cikin kasuwar sababbin wayoyin Ghana. A zahiri kuwa suna cikin aljihun 'ya'yanmu, kuma su ne ke gogayya da sabuwar da ke cikin kwali. Haka kuma wasu wayoyin da aka rubuta an shigo da su Ghana ba a nan suke kwana ba. Fatake na wucewa da su arewa, har su tsallaka iyaka. Mu mutanen Zango mun fi kowa sanin cewa kaya ba sa tsayawa inda takarda ta ce sun tsaya.

Na san wani zai ce, Malam, ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In waya ta fito mutane suka yi rububinta, ai alama ce.

Na yarda, alama ce. Tana nuna an san sunan kamfanin, an yarda da wayarsa ta baya, talla ta isa kunne. Dila ma yana buƙatar wannan alamar, don ya san nawa zai ƙara oda. Amma ku lura, mai rububin ranar farko bai riƙe wayar ba tukuna. Bai kwana da ita ba. Abin da ya saya alkawari ne. A watan Agustan 2016 Samsung ya fito da Galaxy Note 7. An yi rububinta, masu sharhi suka yaba. Sai batir ya fara kamawa da wuta. Kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita. Kafin watan Oktoba ya ƙare an daina ƙera ta baki ɗaya. Laraba ta yi kyau, Juma'a ba ta zo ba. Shi kansa Apple, wanda ya saba shelar adadin da ya sayar a kwana ukun farko, ya daina tun 2016. Dalilin da ya bayar shi ne, adadin ya koma nuna yawan abin da ya iya ƙerawa, ba yawan masu so ba. To in mai kayan da kansa ya ce wannan ma'auni ba ya nuna gaskiya, mu me zai sa mu riƙe shi?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin waya da mai ita, wato aljihun jama'a. A farkon 2022 dala ɗaya tana kusan sidi shida. Kafin watan Nuwamba ya fita ta haura sidi goma sha huɗu. Farashin waya yana canzawa tsakanin safe da yamma. Mai shago ya sayar yau, gobe kuɗin ba zai sayo masa irinta ba. A shekara irin wannan, waya mai kyau tana iya kwantai ba da laifinta ba. Kuma kamfani yana iya cewa kuɗin da ya samu ya ƙaru, alhali wayoyin da ya sayar sun ragu, sidin ne kawai ya zube. Haka nan wadda aka fito da ita gab da Sallah ko Kirsimeti za ta fi wadda ta fito lokacin biyan kuɗin makaranta gudu. Duk wanda zai yi adalci wajen auna ciniki, sai ya tambayi wane wata ne, kuma yaya aljihu yake.

Saura magana ɗaya, kuma ita ta fi damuna. Maganar bashi.

Yanzu akwai kamfanonin da ke ba da waya a biya kaɗan-kaɗan, irin su M-KOPA. Ka ba da kafin alƙalami, ka tafi da waya, ka riƙa biya kullum ko mako-mako ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Ranar da ba ka biya ba, wayar ta kulle kanta. Ban ce tsarin ba shi da amfani ba. Ya sa babbar waya a hannun mutanen da ba za su iya tara kuɗinta a dunƙule ba. Amma a littafin ƙididdiga, tun ranar farko an rubuta an sayar. Ni kuwa a wurina ba a sayar ba sai ranar da aka biya kuɗin ƙarshe, wayar kuma tana nan da ranta. Mutum nawa ne suka kai ƙarshe? Mutum nawa ne tasu ta fashe ko aka sace, suna ci gaba da biya? Wannan ne adadin da nake so in ji ana shelantawa.

Me ya sa na damu haka? Domin a Zango waya ba ado ba ce kawai. Jari ce. Mai koko da ƙosai a Maamobi da ita take karɓar kuɗi. Tela da ita yake tura wa masu ɗinki hoton samfuri. Mai kai saƙo a kan babur, in wayarsa ta mutu aikinsa ya tsaya. Tsohuwa da ita take ganin fuskar jikokinta da ke ƙasar waje. Ɗalibi da ita yake karatu. Mutum yana zuba susu, wato adashi, wata da watanni kafin ya saya. Wani kuɗin wata biyu na guminsa ne. Irin wannan kuɗin bai kamata a fitar da shi saboda an ga mawaƙi ya ɗaga waya a kan dandamali ba.

Don haka nake sake faɗa, kuma ba zan gaji ba. Ba a ranar ƙaddamarwa ake gane wayar da ta karɓu ba. Ana gane ta a teburin mai gyara. Ana gane ta a wurin masu musanya. Ana gane ta ranar da wanda ya yi shekara biyu da ita ya koma shago ya ce, a ba ni ƙanwarta.

Ina da kira ga abokan aikina 'yan jarida. In kamfani ya aiko mana da sanarwar cewa wayarsa ta ƙare, mu tambaye shi guda nawa ya kawo. Mu tambaye shi ko ga dila ya sayar, ko ga jama'a. Mu tambaye shi guda nawa aka kunna, aka sa musu sim, domin wannan ya fi kusa da gaskiya. Kuma bayan wata shida mu koma kasuwa mu duba. In ba mu yi haka ba, talla muka karanta, muka kira ta labari.

Ku kuma 'yan'uwana masu shaguna, amana ce a hannunku. In kun san waya ba ta da kayan gyara, ku faɗa wa mai saye. La'adar yau ba ta kai darajar mutumin da zai dawo muku shekara goma ba.

Kai kuma mai sauraro, Alhaji, Hajiya, ƙanena, ƙanwata, in sabuwar waya ta shiga ranka, ka ɗan dakata. Ka bar ta ta yi wata biyu ko uku a gari. Ka nemi wanda ke riƙe da ita, ka tambaye shi yaya batir, yaya zafi. Ka biya wurin mai gyaran unguwarku ka tambayi kuɗin sikirin ɗinta tun kafin ka saya. Ka tambayi masu musanya nawa suke karɓar yayarta ta bara. In bashi za ka ɗauka, ka zauna da biro da takarda, ka haɗa duk abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka gwada da farashinta na kuɗi hannu. Ka karɓi rasit, ka adana takardar garanti, ka tambayi inda wurin gyaran kamfanin yake kafin ka bar shagon.